Babin Lafiyar Jiki: Maganar Ƙashin Da Ke Tasowa A Gindin Babban Yatsan Ƙafa

 Babin wannan karo magana ce a kan wani ciwo na ƙafa wanda a kan gani kullum a bakin ƙofa wurin tuɓe takalma, amma ba a cika kai shi gaban likita ba sai ya hana mai shi zuwa kasuwa.

Sifarsa ita ce, babban yatsan ƙafa ya kan bar miƙewarsa ya karkata wajen ɗan'uwansa na biyu, sa'an nan a gindinsa, ta gefen da ke duban ɗaya ƙafar, wani ƙullutu mai tauri ya fito kamar an cusa goro a ƙarƙashin fata. Likitocin Larabawa suna ce da shi waka'a, a takardun asibiti kuwa a kan rubuta shi da sunansa na Latin, watau halukus balgus. Mutane da yawa suna zaton wani sabon ƙashi ne ya tsiro, ko ƙari ne, har su ce a yanke shi a huta. Asalin abin kuwa, bayan kowane yatsa akwai dogon ƙashi cikin ƙafa wanda ya ke riƙe da shi. Na babban yatsa shi ne ke zamewa ya buɗe waje, jijiyoyi kuma su ja yatsan ciki, sai gaɓar da ke tsakaninsu ta turo kai kamar gwiwar hannu in an lanƙwasa ta. Kan wannan ƙashi ne ido ke gani. A bisansa akwai 'yar jaka mai ruwa wadda takalmi ke gogawa, in ta sha guga sai ta kumbura, ta yi ja, ta yi zafi. Wannan kumburi ya kan saɓe in an huta, amma karkatar ƙashin ba ta komawa don kanta.

Ba ya zuwa farat ɗaya. Shekara da shekaru ya ke yi yana ƙaruwa kaɗan kaɗan, ga waɗansu ya tsaya nan, ga waɗansu ya ci gaba har babban yatsa ya shige ƙarƙashin na biyu, na biyun ya ɗago ya tanƙware, kanta ta fito a bisansa da kuma a tafin ƙafa wajen gindin yatsu, domin nauyin da babban yatsa ya kamata ya ɗauka ya koma kan ƙanana. Ga tsofaffi akwai wani abu kuma, babban yatsa shi ne madogarar mutum in ya ɗaga ƙafa, in ya karkace sai taku ya rasa ƙarfi, faɗuwa ta yi sauƙi. Likita ya kan auna karkatar da hoton ƙashi, kuma lalle ne a ɗauki hoton mutum yana tsaye da nauyinsa bisa ƙafar, domin hoton kwance ya kan ɓoye rabin gaskiya. In kusurwar ɗaki daraja 90 ce, yatsa mai lafiya ba ya wuce daraja 15, daga 20 zuwa 40 matsakaici ne, abin da ya haura 40 ya yi tsanani. Amma girman ƙullutu ba shi ne ma'aunin ciwo ba. A kan ga tsohuwa yatsanta ya kwanta sarai tana tafiya gona ba ta ce uffan ba, a ga yarinya da ɗan kaɗan ba ta iya tsayuwar awa guda.

Amma maganar yawansa, a shekara ta 2010 waɗansu masana na ƙasar Ostareliya suka tattara ƙididdigar ƙasashe da yawa, suka sami kimanin mutum 23 cikin 100 na masu shekara 18 zuwa 65 suna da shi, waɗanda suka wuce 65 kuwa kusan 36 cikin 100, mata kuma sun ninka maza har da ɗori.

To, mene ne sababinsa? Nan ne gardama ta ke a zaure. Dattawa su kan ce kakanni ba su san shi ba, kuma maganarsu ba ta rasa tushe. Jama'ar da suka taso bayan yaƙin Burmi na 1903, da waɗanda suka biyo bayansu aka kafa Mai Wurno a 1906, da mahajjatan da suka ratso Barno da Wadai da Darfur da Kurdufan har Sawakin, suna noma suna tafiya, waɗansu shekaru a hanya, da ƙafa suka tako, ko ba takalmi ko da fade wanda yatsu ke shan iska a cikinsa. A 1955 masana biyu na Ingila, Barnicot da Hardy, suka auna sawun mutanen Nijeriya suka gwada da na Turawa, suka ga babban yatsan mutanen Nijeriya ya fi miƙewa. A 1958 kuma aka yi irin wannan awo a Hong Kong tsakanin Sinawa masu sa takalmi da waɗanda ba su sa, aka sami karkatar ga 33 cikin 100 na masu takalmi, ga marasa takalmi kuwa ba ta cika 2 cikin 100 ba. Jikokin waɗancan matafiya yau suna cikin markubu mai tsinin baki, da takalmin makaranta wanda yaro ya girme shi tun bara ba a sake ba, da mai dogon dunduniya na biki wanda ke tura nauyin jiki duka ya matse yatsu wuri guda.

Duk da haka takalmi ba shi kaɗai ke da laifi ba. Gado yana da babban rabo. A Barsalona ta ƙasar Sifen, a 2007, aka tambayi mutum 350 masu wannan ciwo, aka sami 90 cikin 100 suna da wani a dangi mai irinsa. Abin da a ke gada shi ne ƙirar ƙafa, da sakin jijiyoyi, da shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa wanda ba shi da rami. Mai irin wannan ƙafa matsattsen takalmi ya kan gaggauta masa, wani ma ko bai taɓa sa shi ba abin ya kan fito. Saboda haka uwar miji da ke ce wa surukarta, ke kika ja wa kanki da takalman yayi, ta fara duban ƙafar uwar yarinyar da ta gwaggonta tukuna. (Akwai ƙaninsa kuma wanda ke fitowa a gindin ƙaramin yatsa ta waje, Turawa suna jingina shi ga maɗinka saboda zaman harɗe da su ke yi a dā bisa ƙasa mai tauri. Masu zaman tabarma da rubutun allo sun san wurin.)

Wajibi ne a rarrabe shi da wani ciwo da ke kama wannan gaɓa ɗin, wanda Larabawa ke ce wa niƙris. Shi niƙris da dare ya kan faɗo wa mutum, ya kwanta lafiya ya farka gaɓa ta yi ja jawur, ta yi zafi kamar garwashi, ko mayafi ba ya so ya taɓa ta, bayan kwanaki ya lafa. Sababinsa wani gishiri ne da ke taruwa cikin jini, maganinsa na sha ne, kuma ya fi kama maza. Haka nan wanda gaɓoɓin hannunsa da na ƙafa suka kumbura tare, suna sandarewa da safe, wannan ciwon gaɓoɓi ne na dukan jiki, a nemi likita da wuri.

Amma zama da shi ba tare da fiɗa ba, shi ne hanyar mafi yawan mutane, kuma ita a ke fara bi. Farkonta takalmi. Mutum ya taka takarda yana tsaye, wani ya zana masa kewayen ƙafarsa da alƙalami, sa'an nan ya ɗora takalminsa bisa zanen. In zanen ya leƙo ta gefen takalmi, to, an kama ɓarawo. A nemi mai faɗin baki, mai taushin fata, wanda dunduniyarsa ba ta da tsawo, a bar wurin faɗin yatsan hannu tsakanin yatsa mafi tsawo da bakin takalmi, a saya da maraice domin ƙafa ta kan ɗan kumbura bayan yini. Jama'ar da ke da dukawa a unguwa sun fi kowa sa'a, baduku ya kan yanka takalmi bisa zanen ƙafa, ko ya buɗa wurin ƙullutun ya sa fata mai laushi, da kuɗi kaɗan. Fade ma a duba inda igiyarsa ta bi, in ta ratsa kan ƙullutun ta fi rufaffen takalmi cuta. A kantin magani akwai 'yar matashiya da a ke liƙawa bisa wurin, da abin roba mai taushi da a ke sawa tsakanin yatsu, da shimfiɗar cikin takalmi mai tallafe tafin ƙafa. In wurin ya yi zafi bayan yini a naɗe ƙanƙara cikin tsumma a ɗora kamar minti 5, kada a ɗora ta tsirara. Parasitamol yana rage ciwo, ibuprofen ma haka, sai dai mai gyambon ciki da mai ciwon ƙoda da mai hawan jini da mace mai ciki kada su sha ibuprofen sai da izinin likita. Mai ƙiba in ya rage nauyi ƙafa ta kan gode masa.

Waɗannan duka ciwo su ke ragewa, babu ɗayansu da ke miƙe ƙashi. A kasuwa da cikin wayoyin hannu a kan tallata wani abin ɗauri na dare, a nuna hoton ƙafa karkatacciya da hoton ta miƙe cikin wata guda. Yatsan ya kan miƙe muddin yana ɗaure, in an kwance da safe ya koma inda ya ke. Wanda ya ji daɗinsa ya sa, amma kada a sayar da akuya dominsa.

Maganar wanzami da maɗori, wanda mutanen Sudan ke ce wa basir, tana bukatar a faɗe ta a fili. Sana'arsu tana da wurinta, amma nan babu karaya da za a ɗora, babu mugun jini da ƙaho zai ja, babu mugunya da sakiya za ta fitar. Fatar wurin siririya ce, ƙashi da gaɓa suna nan ƙarƙashinta kusa, in aka tsaga ko aka ƙona da ƙarfe ƙazanta ta sami ƙofa zuwa gaɓa. Mafi hatsari shi ne mai ciwon sukari. Shi jijiyoyin jin ƙafarsa su kan mutu, takalmi ya goge ƙullutun ya zama gyambo bai sani ba, ko ya fere kanta da reza ya yanki nama bai ji ba, jini kuma ba ya isa wurin sosai balle ya warke. Ƙafafu da yawa da aka yanke a asibiti daga ɗan ƙaramin rauni irin wannan suka fara. Mai sukari ya duba ƙafarsa kowace rana, in ido ba ya gani ɗa ko jika ya duba masa, ya zazzage takalmi kafin ya sa, kada ya taka dutse mai zafi ba takalmi ko da nasa sun ɓace a ƙofar masallaci. In ya ga rauni, ko wurin ya canja launi, ko wari, a kai shi asibiti ran nan, kada a jira ranar kasuwa.

Sa'an nan maganar fiɗa, ita ce ta fi nauyi. Ita kaɗai ke miƙe ƙashi, kuma likitocin ƙashi sun haɗu a kan cewa saboda ciwo a ke yinta, watau mutum ya gyara takalmi, ya yi abin da aka ambata watanni, ciwo bai bar shi ya yi aikinsa ko ya yi barci ba, ko yatsa na biyu ya fara lalacewa. Wadda ƙafarta ba ta ciwo, kunyar ranar lalle ce kawai ta dame ta, a gaya mata kada garin gyaran gira a rasa ido, domin ƙafa marar ciwo tana iya fitowa daga fiɗa da ciwo. Kuma ba a yin fiɗa don tsoron kada ya ƙaru nan gaba.

Hanyoyin aikin sun fi 100, yawansu ma shaida ne babu guda da ta dace da kowa. Mafi yawa a kan yanka dogon ƙashin nan, a mai da kansa wurinsa, a ɗaure da 'yan kusoshi na ƙarfe waɗanda a kan bari a ciki, a sassauta jijiyoyin da suka ja, a ɗame waɗanda suka saki. In karkatar ta yi tsanani a kan haɗe gaɓar da ke can tsakiyar ƙafa a tushen ƙashin, hanyar da likita Lapidus ya bayyana a 1934. In gaɓar yatsan kanta ta cinye, a kan haɗe ta ta zama ƙashi guda, ciwo ya tafi amma yatsa ba ya ƙara lanƙwasawa. Akwai kuma ta zamani da a ke yi ta 'yan ƙananan huda, tabo kaɗan ne, amma ƙashin dai yanka shi a ke yi, kuma sai ya ɗauki kwanakinsa kafin ya haɗe. Aske ƙullutun kaɗai ba tare da gyara ƙashin ba, abin ya kan dawo.

An taɓa gwada hanyoyin gaba da gaba a ƙasar Finlan, aka buga sakamakon a 2001. Mutum 209 masu ciwo, waɗanda nasu bai yi tsanani ƙwarai ba, aka raba uku, kashi ɗaya aka yi musu fiɗa, kashi ɗaya aka ba su shimfiɗar takalmi, kashi ɗaya aka ce su jira. Bayan shekara guda, waɗanda suka ce ƙafarsu ta fi dā su ne 83 cikin 100 na masu fiɗa, 46 na masu shimfiɗa, 24 na masu jira. Fiɗa ta yi rinjaye, ba shakka, amma mai lura zai ga kusan rabin masu shimfiɗa sun sami sauƙi ba a taɓa su da wuƙa ba. Wata tattarawa ta 2018 kuma ta nuna kimanin mutum 1 cikin 10 ba ya gamsuwa bayan aikin. Abin da kan faru shi ne yatsa ya sandare, ko gefensa ya mutu ba ya ji, ko ciwo ya koma tafin ƙafa, ko karkatar ta dawo bayan shekaru, ko a wuce gona da iri yatsan ya karkata ɗaya gefen, ko rauni ya ruɓe, ko jini ya daskare a jijiyar ƙwauri. Mai shan taba ƙashinsa ya kan yi jinkirin haɗewa, mai sukari sai an daidaita sukarinsa an duba gudun jinin ƙafarsa tukuna. Yara da 'yammata waɗanda ƙashinsu bai gama girma ba a kan jinkirta musu, domin nasu ya fi saurin dawowa.

Aikin kansa ba ya daɗewa, sau da yawa a kan sallami mutum ran nan. Jinyar ce doguwa, ita ce kuma gida ya kamata ya zauna ya lissafa kafin a sa hannu a takarda. Mako 2 na farko ƙafa a ɗage bisa matashi mafi yawan yini. Kimanin mako 6 cikin takalmin asibiti mai taurin ƙasa, babu tuƙin mota har mako 6 zuwa 8. Mai aikin zama ya kan koma da wuri, manomi da ɗan dako da mai shara da mai tsayuwar kanti su kan kai wata 3. Kumburi kuwa ya kan yi wata 6, wani har shekara. Uwar gida da ke ɗebo ruwa da girki a tsugune, wa zai karɓe ta? Manomin Jazira ko Gadarif kada ya yarda a yi masa gab da shuka ko girbi. Wanda abincin gidansa ke rataye da aikin yini ya tanadi na wata 3. Kuma aikin yana bukatar komowa wurin likita don sake ɗauri da cire zare da sabon hoto. Tun da yaƙi ya tashi a Sudan cikin Afrilu 2023 asibitoci da yawa sun rufe ko sun lalace, likitoci sun watse, saboda haka wanda ba shi da tabbacin zai sami mai duba shi bayan aiki, jinkiri ya fi masa, tun da wannan ciwo ba ya kisa, jira kuma ba ya rufe ƙofar fiɗa. Haka wanda zai tafi Masar ko wata ƙasa don aikin, ya lissafa zaman makonni can, kada ya ce zai juyo bayan kwana uku.

Akwai mas'ala guda wadda likita ba lalle ya tuna da ita ba sai an tuna masa. A sujada da zaman tahiya babban yatsa ne ke lanƙwasawa ƙwarai, sau da yawa kowace rana. Wanda za a yi wa aiki ya ce, Likita, bayan wannan aiki yatsan zai lanƙwasa ko ba zai lanƙwasa ba, kuma har yaya? In hanyar haɗe gaɓa ce amsa ita ce a'a, sai mutum ya san haka tun kafin a sa shi barci. Malamai sun yi sauƙi ga mai uzuri ya zauna yadda ya iya, ko ya yi salla a zaune lokacin jinya, kuma ya tambaye su hukuncin shafa bisa ɗauri wajen alwala, domin ba a so ruwa ya taɓa raunin har ya rufe. Mai niyyar Hajji ko Umra kuma ya tuna sa'ayi kaɗai kusan kilomita 3 ne, ban da ɗawafi da tafiyar Mina da jifa cikin turereniya inda a ke taka ƙafa. Ko dai a yi aikin da saura wata 6 ko fiye, ko a bari sai an sauko. Wanda ya tafi da ƙullutunsa ya saba da takalman da zai sa tun makonni kafin tafiya, kada ya sayi sababbi a daren ɗaura harami, in ciwo ya tsananta kuma akwai keken turawa a Harami.

Sauran abin da a ke tambayar likita kafin a yarda shi ne, wace hanya zai bi kuma don me, sau nawa ya yi irinta, ƙafa ɗaya za a yi ko biyu tare (biyu tare jinya ɗaya ce, amma mutum ba shi da ƙafar dogarawa, ko bayan gida sai an kai shi), kuɗin da aka faɗa ya haɗa da kusoshi da hotuna da komowa ko kuwa, wa za a nema in rauni ya yi ruwa da dare. Tsohuwa kada ta tafi ita kaɗai, a haɗa ta da wanda ya ji Larabcin asibiti sosai, ya rubuta amsoshin, a komo gida a karanta wa waɗanda za su yi jinya.

Masu kwafar wannan takarda su kula da lambobin da ke ciki, su rubuta su yadda su ke, musamman na makonni da na watanni. Babi mai zuwa maganar faso ne da kaushi lokacin sanyi.